SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA SHA'ANIN NOMA

Da wuya a sami ɗan makaranta a ƙasar nan wanda bai taɓa jin sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba, Allah ya ji ƙansa. Amma in aka tambayi yawancinmu abin da muka sani game da shi, sai mu ce ɗan Shehu ne, shi ya ci Alƙalawa, shi ya gina birnin Sakkwato, daga nan sai mu yi shiru. Akwai kuwa wani gefe na tarihinsa wanda ya kamata kowane mai koyon aikin malanta ya sani, watau yadda ya kula da abincin talakawansa, da yadda ya ɗaukaka noma da sana'a. Mun ga ya dace mu kawo labarinsa a nan, domin a cikinmu akwai waɗanda su ke ganin fita gonar makaranta wani horo ne aka ɗora musu, suna tsammani wanda ya riƙe alƙalami ya wuce riƙon fartanya. To, ga labarin wani wanda ya fi mu karatu nesa ba kusa ba, sai mu duba mu ga ko haka shi ya ɗauki al'amarin.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, inda jama'ar Shehu su ke zaune a wancan zamani. Gidan da ya tashi a ciki gidan karatu ne, maza da mata duk almajirai, baƙi kuwa ba su yankewa daga ƙasashe na kusa da na nesa. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, da wurin ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi, da wurin wansa Muhammadu Sa'adu, da waɗansu malamai da dama. Ya ƙware a Larabci, da nahawu, da fiƙihu, da hadisi, da tafsiri, bai kuwa tsaya nan ba, sai da ya leƙa cikin ilmin magani da lissafi da tarihin ƙasashe.

Degel ba birni ba ce. Ƙauye ce ta malamai, a tsakiyar manoma da makiyaya. Saboda haka tun yana yaro ya san yadda shekara ta ke juyawa a karkara, ya san zullumin da a ke yi da bazara in ruwa ya yi jinkiri, ya san farin cikin kaka, ya kuma san irin hidimar da makiyayi ya ke sha da rani wajen neman ruwa da ciyawa. Wannan sani ya yi masa rana daga baya.

Shekarun yunwa da yaƙi

A watan Fabrairu na 1804 zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Bello yana da shekara 23 a lokacin, amma yana cikin waɗanda Shehu ya fi dogara da su. A watan Yuni na shekaran nan aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'a ta yi nasara. Sai dai nasarar ta zo ne a farkon damina, sa'ad da ya kamata kowa yana gona. Mutanen da suka bar gidajensu da rumbunansu ba su sami damar shuka ba, ba su kuwa da abin girbi da kaka. Daga nan yunwa ta shigo, cuta ta biyo ta, dabbobi suka yi ta mutuwa.

A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a ta yi hasara mai yawa, mahaddatan Alƙur'ani kaɗai wajen 200 suka rasu. Neman abinci ya sa aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Zamfarawa da fari sun karɓi jama'a hannu biyu, amma da mayaƙa masu jin yunwa suka dinga faɗa wa ƙauyuka suna kwasar hatsi, sai zumunci ya ɓaci, abokai suka zama abokan gaba. A 1805 aka ci Birnin Kabi, aka koma Gwandu da zama, a ƙarshen shekarar kuma aka sha wata wuyar a yaƙin Alwasa.

Bello ya ga duk wannan da idonsa, ya kuma rubuta labarinsa daga baya a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812. Wanda ya karanta tarihin shekarun nan zai gane cewa yunwa ta kusa yi wa jama'a abin da dawakin Gobir suka kasa. Mu a ganinmu, a nan ne Bello ya koyi darasin da ya riƙe har ƙarshen ransa, cewa mulkin da ba shi da rumbu ba ya daɗewa, kuma mai jin yunwa yana da wuyar tsarewa a kan gaskiya.

A watan Oktoba na 1808 Bello ya ja runduna aka ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, babban yaƙin Gobir ya ƙare.

Ginin Sakkwato

A 1809 Bello ya zaɓi wurin da zai zauna, ya soma gina ganuwar Sakkwato. Kafin sa'an nan wurin ɗan ƙauye ne wanda ba a san shi ba sosai. Duk wanda ya tsaya a bakin tudun da birnin ya ke, ya dubi arewa, zai gane hikimar wannan zaɓi. Birnin yana bisa tudu, inda ambaliya ba ta kai wa, inda kuma a ke hango abokin gaba tun daga nesa. A ƙarƙashinsa ga fadama shimfiɗe, kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato su ke haɗuwa. Kowace shekara ruwa ya kan cika fadaman nan da damina, in ya janye ya bar laka mai taushi wadda ta ke sabunta ƙarfin ƙasa ba tare da wani ya ɗauki kwandon taki ba. A nan a ke samun shinkafa, da rani kuma a yi lambu, dabbobi su sami ɗanyar ciyawa sa'ad da tudu ya bushe ƙurmus. A kan tudu kuwa a shuka gero da dawa da wake. Garin da ya ke da tudu da fadama yana da gona biyu ke nan, in ɗaya ta ƙi, ɗaya ta kan rufa asiri.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Shehu kansa ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, a nan kuwa Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi yana da shekara 36.

Farkon sarautarsa bai zo da sauƙi ba. Ƙasashe da dama suka tayar, har Abdussalami, wanda ya ke cikin manyan almajiran Shehu, ya yi tawaye a Kware, sai da aka yi yaƙi kafin a kwantar da wutar a farkon 1818. Tsakaninsa da Malam Abdullahi ma an sami 'yar ɓaraka a kan gadon sarauta, har ranar da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka sadu, suka shirya, Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a. A cikin hidimomin nan duka babban mataimakinsa shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u.

Ribaɗi da zaunar da makiyaya

Matsalar da ta fi damun Bello ita ce, Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ba su daina kawo hari ba. Manomin da ba ya da tabbacin zai girbe abin da ya shuka ba ya sa ƙarfinsa a gona, balle ya dasa itace ko ya kai taki. Dabarar da Bello ya yi ita ce gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda a ke kira ribaɗi. A kowane ribaɗi ya kan sa wani daga cikin 'ya'yansa ko 'yan'uwansa, tare da malamai da alƙali da mayaƙa da masu sana'a. Ƙanensa Abubakar Atiku ya zauna a Bakura, ɗansa Aliyu a Shinaka, ɗansa Fodiyo a Lajinge. Shi kansa bai zauna cikin daɗin birni ya tura waɗansu ba. Ya yi zama a Magariya, daga baya ya gina Wurno a bakin Rima, wajen mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa.

Ribaɗi sansanin yaƙi ne, amma kuma garin manoma ne. Mutanen da su ke tsaron ganuwa su ne su ke noma gonakin da ke kewaye da ita, don haka rundunar ba ta zama kaya a kan talakawan wani wuri ba, kamar yadda aka gani a Zamfara. Da haka dazuzzukan da dā ba mai iya kwana cikinsu suka zama gonaki da ƙauyuka.

Ya kuma mai da hankali ga Filani makiyaya. Ya yi ta jan su su zauna wuri ɗaya, su gina gari, su yi masallaci, su sa 'ya'yansu karatu, su koyi noma. Ya shawarce su su rage yawan shanu, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, domin babban garken shanu shi ke tilasta wa mutum yawo mai nisa, ƙananan dabbobi kuwa a kan iya riƙe su kusa da gida. Irin wannan shawara ya rubuta wa Muhammadu Jailani, shugaban jihadi a cikin Azbinawan Adar, da ya nemi ya san yadda zai yi da mutanensa masu yawo. Babban nufin Bello a nan addini ne da tsaro, gama yana ganin karatu da shari'a sun fi kafuwa a cikin gari. Amma abin ya jawo wani amfani ga ƙasa. In dabba da gona suka zauna wuri guda, kara da harawa su ciyar da dabba, kashin dabba ya ciyar da gona, ba abin da ya ke fita a banza. Har yau a karkarar Sakkwato manomi ya kan roƙi Bafilatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, ya ba shi hatsi, domin shanu su kwana a wurin su bar masa taki.

Abin da ya rubuta

Bello ya wallafa littattafai masu yawa, da Larabci, a kan addini da mulki da tarihi da magani. Biyu daga cikinsu sun shafi zancenmu ƙwarai.

Na farko shi ne Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya lissafa ginshiƙan mulki, ya kuma nuna cewa wajibi ne a kan sarki ya kula da zaman duniyar mutanensa kamar yadda ya ke kula da addininsu. Ya umurci sarki ya reni masu sana'a waɗanda jama'a ba ta iya zama sai da su, ya fara da manoma, ya kawo maƙera, da maɗinka, da marina, da masu magani, da mahauta, da masassaƙa, ya ce a rarraba su ko'ina cikin garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukata. Ya ce a kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma ajiye saboda gaba, a raya ƙauyuka, a gina ganuwa da gadoji, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Mu lura da zancen ajiya. Mutumin da ya ga 1804 ne ya ke magana.

Na biyu shi ne Tanbihus Sahibi, a kan hukuncin neman abin kai. A nan ya kawo hujjoji a kan darajar cin halaliya da guminka, ya zargi zaman banza da dogara ga roƙo, ya kuma sa noma a cikin manyan hanyoyin samu masu daraja. Bai kuwa faɗa wa mutane abin da shi ba ya yi ba. Alhaji Sa'idu, wani malami da ya zauna a Sakkwato ya rubuta tarihin sarakunanta na farko, ya ba da labari cewa Bello ba ya ci daga baitulmali, daga abin da ya nema da kansa ya ke ciyar da kansa. Masu tarihin Sakkwato kuma suna danganta masa yaɗa noman rake da yin sukari, da kuma ƙarfafa ban ruwa da jigo a lambunan fadama.

A fannin magani ma ya dubi abin da ƙasa ta ke fitarwa. Ya yi littafi a kan ciwon ido, ya yi a kan basir, ya kuma yi wani ɗan littafi sukutum a kan filasko da yadda a ke amfani da shi. Sarkin da ya ke da ƙasa tun daga Sakkwato har Adamawa bai ga ya ƙasƙanta ba don ya zauna ya yi rubutu a kan wani ɗan tsiro da mu ke takawa a bakin hanya.

Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato daga Barno ta hanyar Kano, ya zauna har watan Mayu. Shi ya bar mana siffar Bello, ya ce dogo ne, mai kwarjini, mai manyan idanu. Ya sami birnin da ganuwa mai ƙofa 12, ya kuma ce bai ga garin da ya fi shi yawan mutane ba a tsakiyar ƙasashen da ya ratsa, alhali kuwa shekara 15 kaɗai ke nan da kafa shi. Tambayoyin da Bello ya yi masa sun ba shi mamaki, gama ya tambaye shi labarin ƙasashen Turai, da abin da Ingilishi su ke yi a Hindu, da rabe-raben mazhabobin Nasara. Abin da ya roƙa a aiko masa daga Ingila kuwa ya haɗa da likita.

Clapperton ya komo a 1826, ya kawo masa littattafan Larabci, a cikinsu har da littafin Uƙilidisu, masanin lissafin nan na Yunanawa. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, domin irinsa da su ke da shi a gida ya ƙone a gobara. Wannan zuwa na biyu bai yi daɗi kamar na farko ba, saboda ana yaƙi da Barno a lokacin, Bello kuwa ya hana a wuce wa Shehun Barno da makamai. Clapperton ya kamu da ciwo, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

A cikin abin da Baturen nan ya rubuta akwai wani abu wanda gaskiya ba ta bari mu tsallake. Yawancin manyan gandaye na zamanin, bayi ne su ke noma su. Ya ce su kan yi wa ubangijinsu aiki tun da safe har tsakar rana, sauran yini kuma su yi nasu. Yawancin mutanen nan kamammun yaƙi ne, waɗanda aka raba da garuruwansu. Saboda haka albarkar da a ke yabo ta zamanin Bello, akwai gumin waɗanda ba a tambayi yardarsu ba a cikinta. Bauta ta daɗe bayansa, ba a soke ta ƙaƙaf da doka ba a Nijeriya ta Arewa sai a 1936. Mu da mu ke koyon tarihi don mu koyar, wajibi ne mu riƙe wannan tare da wancan.

Ƙarshen ransa

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai suka taso. Bello, yana da shekara 55, ya fita da kansa, aka haɗu a Gawakuke, ya yi nasara babba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda duk suka faɗi a wurin. Alhaji Umaru Futi, wanda daga baya ya yi nasa jihadi a ƙasashen yamma, yana zaune a wurinsa a shekarun nan, har Bello ya ba shi 'yarsa aure.

Bayan wannan yaƙi bai daɗe ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. A can aka rufe shi, har yau kuwa ana ziyartar kabarinsa. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi, ɗansa Aliyu Babba kuma ya hau a 1842. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, ta lissafa halayensa na kirki.

Abin da ya rage gare mu

Ƙasar da Bello ya bari ita ce mu ke nomawa, sai dai bakunan da ta ke ciyarwa sun ninka ba iyaka. A nan Sakkwato damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuwa a yawancin shekaru ba ya kai inci 30. Ƙasar tudu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Dā in gona ta gaji a kan bar ta ta huta shekaru, ta zama saura, a sari wata. Yanzu a kewayen birni babu dajin da za a sara, gona ɗaya a ke bi kowace shekara. Kakanninmu sun ga yunwar 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan Rima a 1984, sun kawo noman rani a wurare da dama, amma sun rage ambaliyar da ta ke kawo wa fadamun ƙasa laka. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, yaya za a ci amfanin gona bana ba tare da an kashe ta ga na baya ba?

Amsar wannan tambaya ita a ke koya mana a gonar makaranta, ko da ya ke sau da yawa zafin rana ya kan hana mu lura. In an sa mu haƙa rami mu tara shara da toka da kashin dabbobi, muna yayyafa ruwa muna juyawa har su ruɓe, ana nuna mana yadda a ke mayar wa ƙasa abin da aka ɗauka daga gare ta. In an ce mu shuka wake a tsakanin gero, ko mu sa gyaɗa bana inda dawa ta tsaya bara, akwai dalili. Ku tuge wake ɗaya ku dubi saiwarsa, za ku ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ke jawo abincin shuka daga iska su ajiye a ƙasa. Gonar da a ke yi wa haka ƙuduji ba ya cin ƙarfinta da sauri, gama shi ƙuduji gajiyayyar gona ya fi so. In an ce mu ja kunya a gicciye, kada mu bi gangare, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa ne maimakon ya tafi da ita. In an hana mu ƙone kara bayan girbi, don ya tare iskar hunturu ne kada ta kwashe saman gona.

Sai kuma gawo, wanda manoman ƙasar Hausa suka san darajarsa tun kafin a haifi Bello. Shi ne itacen da ya ke zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka hasken rana da taki, sa'an nan ya yi ganye da rani, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Kowa ya ga yadda gero ya ke yin kyau a ƙarƙashin gawo ya san ba a sare shi sai da wauta. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka soma barin tohon kututture a gonakinsu in sun zo sassabe, su zaɓi mai ƙarfi su rene shi, su datse sauran. Da wannan 'yar dabara, wadda ba ta bukatar kuɗi, itatuwa suka komo a gonaki masu ɗimbin yawa a kudancin Nijar. Jikokin mutanen da Bello ya yaƙa a Gawakuke ke nan, yau kuwa mu ne ya kamata mu je mu koya a wurinsu, mun kuma tabbata shi da ya nemi ilmi har wurin baƙo daga Ingila ba zai ga aibin haka ba.

Ba mu ce Bello ya san dukan abin da masana aikin gona suka gano daga baya ba. Abin da ya sani shi ne tushen al'amarin, watau a zauna wuri ɗaya a raya shi, a haɗa kiwo da noma, a yi amfani da tudu da fadama, a ajiye saboda shekarar da ruwa zai ƙi, kuma kada mai ilmi ya ji kunyar aikin hannu. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu cikin ƙauyuka, kowa da ajinsa. Yaran da za a ba mu 'ya'yan manoma ne, idonsu kuwa yana kan malam. In suka ga malam yana ƙyamar ƙasa ta taɓa rigarsa, za su fita makaranta suna raina sana'ar iyayensu, su bar gona su tafi birni neman abin da babu. In kuwa suka ga malam ya tuɓe riga ya shiga kunya tare da su, ya kuma iya gaya musu dalilin kowane abu da a ke yi, to, za su koma gida da abin da zai ƙara wa rumbun ubansu dami. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu, in an buga ƙararrawar fita gona, mu tuna wanda ya kafa garin da mu ke zaune a ciki, mu ɗauki fartanya da zuciya ɗaya. Allah ya ji ƙan Sarkin Musulmi Bello, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu amfani ƙasarmu da abin da mu ke koyo, amin.